Dattijon da Ya Hana Masu Gaisuwa Tsayawa a Ƙofar Gidana

Matata Amatullahi ta rasu. Ɗakinta yana nan, tukwanenta suna nan, keken ɗinkinta yana nan an lulluɓe shi da zane, amma ita ba ta nan. 'Yarmu Ihsan har yanzu idan ta farka da safe, ɗakin take fara leƙawa.

Sunana Abdulmumin, noman albasa nake yi. Ban yi karatu mai zurfi ba, kuma ban taɓa rubutu a shafin nan ba, sai dai in karanta na wasu. Na roƙi mai shafin ya ba ni wuri yau, domin akwai godiyar da ta fi ƙarfin bakina ni kaɗai, ina so ku taya ni yin ta.

Akwai wani dattijo a garinmu ana ce masa Tamu.

Garin namu ƙarami ne, yana bakin titin da ya tashi daga Jega ya nufi Aliero. Gidana kuwa daidai kan kwana yake. Mai tahowa daga wajen Aliero ba ya ganin ƙofata sai ya gama shan kwanar, saboda katangar masallaci ta tare masa gani. Tun lokacin da aka gyara titin aka kafa wani allon ƙarfe a wurin, mai zagayen ja, alamar ba a tsayawa. Mu dai abin da muka ɗauke shi, wurin ɗaure akuya ne.

Tamu ya daɗe yana tuƙa babbar mota, yana kai albasa Kudu. Da idonsa ya fara rauni sai ya ajiye tuƙi, ya dawo gida yana tufkar igiya a gindin katangar masallaci. Amma hannunsa ne kawai yake kan igiyar. Hankalinsa duk yana kan titi.

Da wata mota ta rage gudu za ta tsaya a kwanar, zai miƙe da sandarsa.

"Gaba! Gaba, ɗan nan! Wuce kwana ka tsaya!"

Direbobi su ce, "Haba Baba Tamu, buhu guda za mu ɗauka."

Shi kuma ya ce, "Wanda ka zuwa bayanka ya san buhu guda na? Wuce, malam."

Samari suka sa masa suna Yallaɓai. Idan sun zo wucewa a kan babur sai su sara masa, suna dariya. Shi ma ya sara musu, ya ce, "Ku yi dariyarku, ku dai kada ku tsaya min nan." Ba wanda ya sa shi wannan aiki, ba kuma wanda ya taɓa gode masa. Amatullahi ce kaɗai takan aika masa da kunu idan rana ta yi zafi. Shi kuma ɗiyata yake ce mata.

Ta yi jinya ba mai tsawo ba. Allah ya karɓi abarsa da safe, a tsakiyar lokacin cirar albasa, lokacin da zafi yake dukan mutum tun hantsi.

A duniya Amatullahi ba ta da kowa sai mutum biyu: mahaifiyarta, wadda muke kira Inna, da yayanta Alhaji Safwan. A Maiyama suke zaune. Mahaifinsu ya rasu tana ƙarama, Alhaji ne ya riƙe ta, shi ya aurar da ita gare ni. Dillalin albasa ne, Allah ya buɗa masa, kuma mutum ne mai zafin zuciya amma mai son 'yar'uwarsa ƙwarai.

Ranar da ta rasu yana kan hanya, yana dawowa daga Kudu. Na kira shi na faɗa masa. Ya ce, "Mumini, ku jira ni. Ko da dare zan iso. Kada ku rufe ta ban gani ba."

Na kai maganar gaban Liman da dattawa. Suka ce da wannan zafi ba a ajiye mamaci, kuma gaggauta shi ne haƙƙinta a kanmu. Bayan azahar muka yi mata sutura. Da na sake kiransa na faɗa masa, bai ce komai ba, ya kashe wayar.

Wannan shirun nasa ya tsaya mini a rai. Na san idan Alhaji ya juya mini baya, Inna ba za ta iya zuwa ita kaɗai ba, ga ciwon gwiwa, ga tsufa. Ihsan kuma ta rasa uwa, za ta rasa dangin uwa gaba ɗaya. Duk gaisuwar da ake yi mini ina amsawa, amma tunanina ɗaya ne: yaya zan yi in riƙe mutumin nan?

A garinmu, idan aka yi rasuwa, a ƙofar gidan mamaci ake shimfiɗa tabarmi. Haka muka taso muka gani. Mai zuwa gaisuwa kuma yakan kawo motarsa ko baburinsa har bakin tabarma, domin ajiye ta nesa kamar nuna ba ka damu ba ne. Kuma ba a cewa mai gaisuwa ya gyara tsayuwa. Abin kunya ne babba. A ƙofar gidana akwai wata tsohuwar bishiyar dogonyaro, tsakaninta da kwalta taku kaɗan ne. A inuwarta aka zauna makokin mahaifina, a nan aka zauna na mahaifiyata.

Washegari da na fito bayan sallar asuba, sai na tarar babu tabarma ko ɗaya a gindin bishiyar. Tamu ya naɗe su duka, ya kai su bayan masallaci, filin da muke shanya albasa, ya shimfiɗa su a ƙarƙashin rumfar kara.

Dattawa suka taso masa. Wani ƙanen mahaifina ya ce, "Tamu, mi ka damunka? Tun kakanni nan aka zama!"

Tamu ya ce, "Gaskiya ne. Lokacin kakanni jakai ka bin hanyag ga. Yanzu fa? Saurara ka ji."

Daidai lokacin wata babbar mota ta sha kwanar, ta wuce da lodin albasa har sama, ƙasa tana rawa. Ganyen bishiyar ya kaɗa.

Tamu ya ce, "Irin wagga, kafin azahar nawa za su wuce? Jiya na yi shiru don gawa na gida. Yau mutanen nesa za su zo, motoci za su yi yawa. Ni ban iya kallo."

Liman ya dube ni, ya ce, "Kai ne mai makoki. Mi ka ce?"

Ni a lokacin ko a kan dutse aka ce in zauna zan zauna. Na ce a bar su inda ya kai su.

Daga nan Tamu ya ɗaura jan ƙyalle a kan sandarsa, ya tsaya a bakin titi. Duk wanda ya zo, sai ya yi masa sannu, ya nuna masa hanyar da ta bi gefen masallaci ta shiga fili. Wasu suka bi ba musu. Wasu suka bi suna gunaguni. Wani abokina daga Kimba ya zauna kusa da ni ya ce, "Mumini, yaushe kunka samu ɗan sanda a garin ga?" Aka yi 'yar dariya, irin ta gidan makoki, wadda ba ta nisa.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da na ji hayaniya daga bakin titi. Wani ya leƙo ya ce, "Surukinka ya iso." Na tashi da sauri, ko takalmi ban tsaya nema ba.

Na tarar da motar Alhaji Safwan ta tsallako daga hannunta, ta tsaya daidai gindin dogonyaro, rabinta a kan kwalta. Inna tana kujerar baya, ta rufe fuska da mayafi. Tamu yana tsaye wajen tagar direba.

Na ji yana cewa, "Alhaji, sannu da hanya. Allah shi jiƙan ta, Allah shi ba mu haƙuri. Amma wurin ga ba a tsayawa. Ga hanya nan gefen masallaci, akwai fili, akwai inuwa."

Alhaji ya buɗe ƙofa ya fito. Idanunsa sun yi ja, ka san bai yi barci ba.

"Mi ka ce?"

"Na ce ka ɗan matsa ciki, Alhaji. Kwana ta."

"Ka san ko ni wane ne a gidan ga?"

"Na sani. Kai ne uban ɗiyata."

"To in ka sani, kauce. Tsohuwa na ɗauko, ba ta iya tahiya. So kake ta ja gwiwa daga bayan masallaci?"

A gaskiya maganarsa tana kan hanya. Inna ko daga ɗaki zuwa tsakar gida sai an riƙe ta. Amma Tamu ya ce, "Daga filin akwai ƙofar baya, ta mata. Ta fi nan kusa da ɗakin. Ni da kaina zan kira mata su riƙe ta."

A nan Alhaji ya hango ni. Ya nuna ni da yatsa.

"Mumini, abin da kunka shirya min ke nan? Jiya kunka rufe ƙanwata ban gan ta ba. Yau kuma ƙofar gidanta an sa min gadi?"

Na ce, "Yaya, wallahi ba haka ba ne."

Na juya wajen Tamu, na rage murya. "Baba, don Allah a bar wannan guda ɗaya."

Ya dube ni da tausayi, amma bai motsa ba. Ya ce, "Mumini, in na bar guda, na bar duka. Kuma wadda ka tahowa daga bayan katangar can ba ta san suruki ba."

Alhaji ya ce, "Wa ya naɗa ka? Tsohon direban da ido ya ƙare mai, shi za ya koya min inda zan aje motata?" Ya kai hannu ya ture shi. Ba da ƙarfi sosai ba, amma hular Tamu ta faɗi ƙasa.

Tamu ya girmi Alhaji nesa ba kusa ba. Samarin da suke yi masa dariya kullum, na ga fuskokinsu sun canja, wasu sun fara matsowa.

Tamu ya ɗaga musu hannu. Ya sunkuya a hankali, ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta a gwiwa, ya mayar kansa. Ya ce, "Ba komi. Mai zafin rashi ne. Alhaji, in ka ga dama ka ƙara, amma motar dai a matsa da ita."

Sai muka ji muryar Inna daga cikin mota, ƙasa-ƙasa.

"Safwanu."

"Na'am, Inna."

"Ni ban zo kallon faɗa ba. Kai ni inda bawan Allah ya ce."

Alhaji ya tsaya kamar ba zai yi ba. Sannan ya shiga mota, ya buga ƙofa, ya ja ta da ƙarfi ya bi gefen masallaci.

Ashe duk abin nan Ihsan tana cikin zaure tana leƙe. Yarinyar tana son kawunta, kuma duk zuwan da zai yi, ba ta barin motarsa. Takan shiga ta zauna a gaba, tana murɗa sitiyari har ya tashi tafiya. Da ta ga motar ta juya, sai ta bi ta da gudu tana kiran, "Kawu! Kawu!"

A fili mata suka fito suka riƙe Inna, suka shiga da ita ta ƙofar baya. Na ji kukan da ya tashi a cikin gida da suka gan ta. Alhaji kuwa ya ƙi fitowa. Ya buɗe wa Ihsan ta hau cinyarsa, amma ko kallon rumfar da ake zaune bai yi ba.

Na je na durƙusa wajen tagar. Na ce, "Yaya, ka zo a yi addu'a."

Ya ce, "Na yi tawa a hanya. Inna ta gama ganin jikarta mu koma. Ni da garin ga kuma, Mumini, an gama."

Liman ya zo ya yi magana, bai saurara ba. Can sai ga Tamu, ya bar sandarsa a hannun wani, ya tako har wajen motar. Ya ce, "Alhaji, in bakina ya yi kaifi, ka yafe min. Ban yi don in wulaƙanta ka ba."

Alhaji ya ɗaga gilashi.

Tamu ya ɗan tsaya, ya gyaɗa kai, ya koma bakin titi ya karɓi sandarsa.

Na koma kan tabarma na zauna. Mutane suna zuwa suna cewa Allah ya jiƙan rai, ina cewa amin, amma ban san wanda ya zo da wanda ya tafi ba. Jiya na binne matata, yau kuma ina kallon zumuntar da ta bari tana mutuwa a gabana, a kan wurin ajiye mota.

Ana cikin haka muka ji wata ƙara kamar an harba bindiga. Sai ƙugin birki, sai hon mai tsawo wanda ba ya yankewa. Sannan wani irin rugugi da na ji shi har cikin haƙorana. Ƙura ta turnuƙe sama da katangar masallaci.

Kowa ya tashi da salati. Muka kwasa a guje.

Wata babbar mota ce ta taho daga wajen Aliero da lodin albasa. Tana shiga kwanar tayar gaba ta fashe, kan motar ya fara ja zuwa tsakiyar titi. Ga kuma wata bas cike da fasinja ta taho daga Jega. Direban babbar motar ya murɗe sitiyari da iya ƙarfinsa, ya saki kwalta, ya hau gefen titi ta wajen gidana. Motar ta daki dogonyaro, ta kwanta a gefenta.

Buhunan albasa suka zube tun daga kwalta har cikin zaurena. Bishiyar da muka zauna makokin iyayena a ƙarƙashinta ta karye, ta faɗa kan katanga. Wurin da ake shimfiɗa tabarmi, da wurin da motar Alhaji ta tsaya ɗazu, ba ka ganin ƙasa. Ƙarfe ne da buhuna, sun fi tsayin mutum.

Bas ɗin ta tsaya can gaba, ko ƙwarzane babu. Fasinjoji suka fito, wata mata ta zauna a ƙasa tana ta maimaita sunan Allah.

Abin da na fara nema da ido shi ne Tamu. Na hango shi a jikin katangar masallaci, ƙura ta rufe shi fari fat, yana tari. Da ransa. Kafin mu farga ma ya riga ya fara ba da umarni.

"Kai, ruga bayan kwana ka tsai da masu zuwa! Ku kakkarya ganye ku jera a titi, nesa, nesa! Ku kuma ku zo mu fidda direba!"

Samarin nan masu sara masa don wasa, ranar da gudu suka bi maganarsa.

Aka fasa gilashi aka jawo direban. Goshinsa ya tsage, hannunsa ya gurɗe, amma yana magana. Aka zaunar da shi aka ba shi ruwa. Yana ta kallon ƙofar gidana. Da ya ji an ce gidan makoki ne, sai ya riƙe kai.

Ya ce, "Ina mutanen? Ina motocin? Ni na san garuruwan nan, in ana makoki bakin titi aka zama."

Aka ce masa suna bayan masallaci.

Ya ce, "Wallahi da na sha kwanar nan, bas na gabana, na duba dama na ga wuri fayau, shi ya sa na jefa ta nan. Da na ga mota ko mutum guda, ban san inda zan kai kanta ba. Ko su, ko ku."

Ƙanen mahaifina, wanda ya yi faɗan tabarmi da safe, ya zame ya zauna a kan wani buhu, ya cire hula yana share zufa.

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Alhaji Safwan ne, yana ɗauke da Ihsan, ta ƙanƙame wuyansa. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya dubi inda kan motar ya nutse a jikin bishiya, ya dubi yarinyar da take hannunsa.

Ihsan ta ce, "Kawu, an ɓata mana bishiya."

Ya ƙara matse ta a ƙirjinsa. Sannan ya miƙo mini ita, ya taka cikin albasar nan da ta warwatse, har inda Tamu yake tsaye yana nuna wa motoci hanya. A gaban fasinjoji, a gaban samari, a gaban dattawan gari, Alhaji ya durƙusa har ƙasa, babbar rigarsa cikin ƙura. Ya kama hannun Tamu da hannu biyu.

"Baba, ka yafe min. Hannun ga nawa da na ɗaga maka..."

Kuka ya ci ƙarfinsa.

Tamu ya yi ta jan sa. "Tashi, tashi, Alhaji. Ni ban riƙe ka da komi ba. Allah ne ya tsare, ba ni ba. Tashi mana." Da ya ga ya ƙi tashi, sai ya ce, "To in ba ka tashi don ni, tashi don doka. Nan ma ba a tsayawa."

Mutane suka fashe da dariya, wasu suna dariya suna share hawaye. Alhaji ma ya yi, ya miƙe.

Aka kai direban asibiti. Masu gaisuwa suka naɗe hannun riga, aka shiga tsince albasar mutane ana mayarwa a buhu, ana jerawa a gefe kafin mai kaya ya zo. Alhaji da ya san aikin, shi ya tsaya a kai, yana ware wadda ta fashe da mai lafiya. Bayan la'asar jami'an kula da hanya suka zo da motar ja, aka janye babbar motar.

Da wuri ya lafa, Alhaji ya zo rumfa ya zauna kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa. Liman ya ɗaga hannu aka yi wa Amatullahi addu'a, Alhaji ya shafa tare da mu. Da aka gama ya sunkuyo ya ce, "Mumini, kai ni in gan ta."

Muka tafi makabarta mu biyu. Na nuna masa kabarin, ƙasar ba ta gama bushewa ba. Ya tsuguna ya daɗe yana addu'a, ni ina tsaye a baya. Da ya tashi bai dube ni ba, ya ce, "Da ni ne a wurinka, da zafin ga, ni ma rufe ta zan yi. Zuciya ce ta hana ni gani. Kun kyauta mata."

Na riƙe hannunsa, muka dawo gida a haka.

Shi da Inna ba su koma Maiyama ranar ba. Sun zauna tare da mu har aka tashi makoki. Da za su tafi, Inna ta sa aka kira mata Tamu har ƙofar ɗaki, ta yi masa addu'ar da ban taɓa jin tsohuwa ta yi wa wanda ba ɗanta ba. Bayan 'yan kwanaki Alhaji ya aiko da tifa ta zuba jan ƙasa a hanyar da ta shiga fili, don ko da damina mota ta iya shiga. Dattawa kuma suka yanke cewa daga yanzu, makoki ko suna ko ɗaurin aure, duk gidan da yake bakin titi a filin zai yi zamansa.

Yanzu haka da nake wannan rubutu Ihsan tana Maiyama wajen kakarta, kawunta ya zo da kansa ya ɗauke ta hutu. Jiya ta kira ni a wayarsa, tana ba ni labarin ɗan akuyar da Inna ta ce nata ne.

Na yi rashi, kuma rashin yana nan, ba ya raguwa. Amma idan na tuna cewa a makokin mutum ɗaya saura kaɗan a yi jana'izar rabin gari, har da 'yar da ta bar mini, sai in rasa abin faɗa sai Alhamdulillahi. Na gode wa Allah. Na gode wa Inna da ta yi magana a lokacin da ni na kasa. Na gode wa Alhaji da bai ji nauyin durƙusawa ba. Na gode wa Baba Tamu, wanda aka zaga, aka ture, bai rama ba kuma bai kauce ba.

Darasi: Wurin da aka hana tsayawa, kwana ne, ko kan gada, ko mararraba, ko gangare, ba don a wahalar da kai aka hana ba. Gefen titin da ka gani babu kowa, wataƙila shi ne kaɗai mafitar wani direba a lokacin da abu ya ɓaci. Girmanka, ko gaggawarka, ko baƙin cikinka, mai tahowa daga bayan kwana bai san da su ba. Idan an ce ka matsa, ka matsa, ko wane ne ya faɗa maka. Idan kuma kai ne mai faɗar, ka faɗa da haƙuri, kada zagi ya kore ka. Don Allah ku tura wannan ga direbobin da kuka sani, da duk wanda gidansa yake bakin titi.

A ƙarshe ina roƙon duk wanda ya karanta ya ɗaga hannu tare da ni. Allah ka jiƙan Amatullahi, ka haskaka kabarinta, ka sa ta huta. Allah ka raya Ihsan cikin danginta, ka shirya ta. Allah ka ƙara wa Baba Tamu lafiya da hasken ido, ka sa ya gama da duniya lafiya. Allah ka tsare matafiya da mazauna bakin hanya, ka mayar da kowa gidansa da ransa. Ku ce amin.